Ku Tambayi Anti: Allura, Yumɓu da Kara a Hannun Yara Lokacin Dogon Hutu

Tun da aka shiga jarrabawar zango na uku wasiƙu suke shigowa a kan magana guda, wato abin da za a ba ƙananan yara su yi da hannunsu a dogon hutu. A Nijeriya hutun yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, a Nijar kuwa sai farkon Oktoba ake komawa aji, kuma duka biyun suna faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da marka kan tsare yara a ɗaki wuni guda. Na zaɓi wasiƙu biyar, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wata uwa a Zariya: Assalamu alaikum Anti. 'Yata tana da shekara biyar da rabi. Duk lokacin da na zauna gaban keke sai ta manne mini tana rigimar sai na ba ta allura. Makon jiya na ba ta, kafin in juya ta soke yatsa, mahaifinta ya yi faɗa ya ce kada in ƙara. Shin ta yi ƙanƙanta ne, ko akwai hanyar da zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Maigidanki yana da gaskiya a kan allurar, ke kuma kina da gaskiya a kan yarinyar. Allurar ɗinkin hannu siririya ce, gajera ce, ga tsini, kuma tana buƙatar yatsu uku su yi aiki tare alhali ɗaya hannun yana riƙe da ƙyallen da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yawancin yara ba sa samun wannan natsuwar hannu sai wajen shekara bakwai. Amma kada ki kashe mata sha'awar, domin ɗinki daga zura zare a rami yake farawa, allura daga baya take zuwa.

Ki samo kwalin taliya ko na sabulu, ki yanki kamar faɗin tafin hannunki biyu, ki zana kifi ko ganye ko tauraro a kai, sannan ki bi layin zanen kina hudawa da ƙusa, kina barin faɗin yatsa ɗaya tsakanin rami da rami. Ki ɗauko zaren saƙa mai launi, ki naɗe bakinsa da salatif har ya yi tauri kamar bakin igiyar takalmi. Wannan bakin shi ne allurarta ta farko. Za ta nutsar da shi ta wannan rami ya ɓullo ta na gaba, kuma ko da ba ta sani ba, ɗinkin da za ta yi a kan ƙyalle nan gaba take yi ke nan.

Idan ta gama kwali uku ko huɗu ba ta tsallake rami ba, sai ki matsa da ita zuwa buhu. Buhun shinkafa ko na sukari wanda aka wanke ya bushe shi ya fi dacewa, saboda saƙarsa a buɗe take, abu mara tsini ma yana ratsa ta. Kada ki yi amfani da buhun taki ko na irin shuka da aka barbaɗa wa magani. Masu sayar da zaren saƙa sukan sayar da allurar roba mai faɗin ido da dakusasshen baki, ita za ki nema. Ki zana mata harafin farko na sunanta a kan buhun da biro, ta bi shi da zare.

Ranar da allurar gaske ta zo, abubuwa biyu ne suke sa yaro ya yi zuciya ya yar da ɗinki, kuma duka suna da magani. Na farko tsawon zare: mu manya mukan ja dogon zare don ƙyuyar sake zurawa, shi kuwa yaro dogon zare sarƙewa yake yi masa, saboda haka ki auna kamu ɗaya da hannunta, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ba da naki hannun ba. Na biyu zarewar allura: ki ja zaren ninki biyu, ki haɗa bakinsa biyu ki ƙulle su tare, yadda duk jan da za ta yi allurar ba za ta fita ba. Ƙyallen kuma ya zama atamfar da ta sha wanki ta yi laushi. Leshi yana kama zare, sabuwar shadda tana da tauri, yadi mai santsi kuma gudu yake yi a hannu. Ki ɗiga mata ɗigo-ɗigo da biro a inda allura za ta shiga da inda za ta fito.

Aikin farko da nake so shi ne 'yar jaka. Ƙyalle mai faɗin taƙi ɗaya da tsawon taƙi biyu, a ninke shi fuskar kirki a ciki, ta ɗinke gefe biyu, sannan ki bar ta ta juya shi da kanta. Na koya wa 'yar ƙanwata wannan jakar tana shekara bakwai. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, harshe a waje, ta yi kusan rabin sa'a ba ta ce uffan ba, da ta gama ta miƙe za ta nuna wa uwarta sai jakar ta tashi tare da zanenta, ashe tun daga ɗinki na uku ta haɗa su. Daga ranar nake ɗora wa kowace mai koyo faifai ko tire a cinya, ɗinkin ya zauna a kansa.

Sauran maganar ta tsaro ce. Allura ɗaya ake fitarwa, a kuma mayar da ita cikin soso ko kati kafin kowa ya tashi, musamman idan akwai mai rarrafe a gidan. Ba a ɗinki a tsaye, ba a ɗinki a kan gado. Ke ma ki daina riƙe allura ko fil a baki a gabanta, domin abin da ta gani shi za ta yi. Kuma ina roƙonki, idan ta kwanta barci kada ki warware ɗinkinta ki gyara. Za ta gane da safe, kuma abin da za ta fahimta shi ne nata bai yi ba. Ki nuna wa mahaifinta kwalin farko da ta gama, ina kyautata zaton zai sassauta.

Tambaya daga wani magidanci a Gusau: Anti, barka da aiki. Yarana huɗu ne, daga mai shekara uku zuwa mai tara. Halin da ake ciki bai bar mini kuɗin kayan wasa ba, kuma ba na son su wuni a kan wayar mahaifiyarsu. Me za su iya yi da abin da ke cikin gida?

Amsa: Barka kadai, Malam. Abin da ya fi arha, ya kuma fi riƙe yara masu bambancin shekaru a wuri ɗaya, shi ne yumɓu. Mai shekara uku zai mulmula ya murje, mai tara zai gina sa da tozonsa da ƙahonsa, 'yan mata su yi tukunya da murhu da turmi da taɓarya. Sai dai kai za ka samo musu, kada ka aike su. A watan Agusta kududdufai a cike suke, bakinsu yana da santsi, kuma a irin wuraren ne ake samun laka mai danƙo, shi ya sa yara suke nufar can. Mafi sauƙi ka je wurin masu ginin tukwane ka sayi curi ɗaya.

Akwai kuma dalilin da ya shafi jiharku ta Zamfara musamman. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sanadiyyar ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, wadda ta gauraye da ƙasar da yara suke wasa a kai. Dalma ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta a cikin ƙasa. Don haka duk ƙasar da ta fito daga inda ake haƙar ma'adinai, ko niƙa su, ko wanke su, ko inda ake fasa tsofaffin baturan mota, kada ta shiga hannun yaro.

Idan yumɓun ya yi danƙo da yawa a zuba masa ɗan yashi mai laushi a cuɗa, hakan yana rage tsagewa. Kada kaurin abin da aka gina ya wuce na yatsa, ƙafafun dabba kuma a sa musu tsinke a ciki. A shanya a inuwa inda iska take ratsawa, domin rana takan busar da bayan abu cikinsa yana ɗanye, sai ya dare. Da damina sai an yi haƙurin kwana uku ko huɗu.

Launi ma yana madafa. Zoɓo da aka jiƙa da ruwa kaɗan yana ba da ja, kurkur yana ba da rawaya, gawayin da aka daka yana ba da baƙi, bular wanki shuɗi, farar ƙasa kuma fari. Gashin kaza ko asuwakin da aka tauna bakinsa ya isa abin shafawa. Ka gwada musu wannan: ka zuba ruwan zoɓo a murfi biyu, ka matsa lemon tsami a ɗaya, ka ɗiga ruwan kanwa a ɗayan. Na lemon zai ƙara haske ya yi ja wur, na kanwar kuwa zai juye ya yi duhu, tsakanin shuɗi da kore. Babban cikinsu zai tambaye ka dalili, sai ka ce masa launin da ke cikin zoɓo yana sauyawa ne gwargwadon tsami ko kanwar abin da ya haɗu da shi, kuma zai sake gamuwa da wannan a darasin kimiyya. Kuɓewa tana da arha da damina. A yanka ta a gicciye, a tsoma a launi, a danna a takarda, sai ga fure ya fito, yaro ya jera su kamar zanen atamfa. Irin wannan launin yana kodewa bayan 'yan makonni, don haka kada a sa ran ajiye shi.

Gam kuwa, cokali ɗaya na sitaci ko garin rogo mai laushi a kofi ɗaya na ruwa, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri kamar koko. Yana kama takarda da kwali da ƙyalle, amma a yi ɗan kaɗan, domin kwana biyu yake yi ya yi tsami. Ƙaron da aka jiƙa ya kwana shi ma yana yi.

Mai shekara ukun shi ne abin sa wa ido. Duk abin da zai iya wucewa ta zoben da babban yatsanka da manuni suka yi, kamar dutsen ado, maɓalli, wake ko tsakuwa, yana iya shaƙe shi ko ya tura shi a hanci. Idan abu ya shiga hanci kada a bi shi da tsinke, turawa ciki ake ƙara yi, a tafi asibiti. Ƙaramin baturi mai kama da maɓalli, irin na agogo da na wasu fitilun wasa, ya fi duka haɗari, domin idan ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona nama cikin sa'o'i biyu, ko da yaron bai nuna alamar ciwo ba. Robobin maganin feshi da suke yawo a wannan lokaci na noma kuma ba a yin abin wasa da su, ko an wanke.

Tambaya daga wata kaka a Maraɗi: 'Yata, jikokina mata uku sun zo mini hutu. Na yi musu 'yar tsana irin wadda muka yi wasa da ita, sai wata maƙwabciya ta ce haramun ne, hoto ne. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Iya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ba malama ba ce, amma abin da aka ruwaito a kan wannan sananne ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kasance tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tare da ƙawayenta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah ya ga doki mai fukafukai biyu na tsumma a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai, sai ya yi dariya. Haka kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin yadda suke yi wa yaransu abin wasa na ulu ranar azumin Ashura, su ba su idan sun yi kukan yunwa. Da waɗannan ne malamai da yawa suka ware kayan wasan yara daga hanin da aka yi a kan sura. Inda aka fi samun saɓani shi ne 'yan tsanan roba na kanti masu cikakkiyar fuska, kuma a kan wannan sai ki tuntuɓi malamin da kika amince da shi. Irin taku ta gargajiya galibi ko fuska ba ta da ita.

Tun da masara ta fara shigowa, ki tara musu totuwa ki shanya. Totuwa ɗaya jiki ce, gemun masarar ya zama gashi a ɗaure shi da zare, guntun atamfa ya zama zane, wani guntun ɗankwali. Ƙaramar totuwa kuma ita ce jaririya, a goya ta da siririn ƙyalle a matsayin majanyi. Babu allura a wannan aikin, ɗauri ne kawai da naɗi, shi ya sa 'yar shekara huɗu ma za ta iya, kuma a nan za ta koyi ɗaura zane da ɗaurin ɗankwali kafin ta gwada a jikinta. Babbar cikinsu tana iya cusa tsumma a tsohuwar safa, ta ɗaure wuya da zare, ta ɗinke ƙasan. Guntayen ƙyalle ki aika wurin telan unguwa, yawancinsu shara suke zubar da su.

Tambaya daga wata uwa a Kano: Anti, ɗana mai shekara takwas ya fi yayyensa mata son ɗinki. Ƙannen mahaifinsa suna yi masa ba'a suna cewa aikin mata ne, har ya fara ɓoyewa. In hana shi ne?

Amsa: Kada ki hana shi, 'yar uwa. Ki ce wa baffanninsa su duba rigunan da ke jikinsu su faɗi wanda ya ɗinka. A ƙasar Hausa ɗinki tsohuwar sana'ar maza ce. Aikin hannu na babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas da aka san birnin Zariya da su, maza ne suka yi ta gadonsa tun kaka da kakanni kafin mata su shigo cikinsa, kuma har gobe za ki ga magidanta da almajirai a gindin bishiya ko a zaure suna ɗinkin hula. An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa.

Ki ba shi aikin da zai fita da shi waje a gani. Ya fara da sa maɓallin rigar makarantarsa, sannan ya yi wa wandonsa maho, sannan ya ɗinka jakar da zai riƙa zuba littattafan Islamiyya daga ƙafar tsohon wandon jins, wadda gindinta kawai za a rufe a sa mata hannu. Ƙwallon tsumma ma ɗinki ne, kuma ranar da abokansa suka buga wanda ya yi, ba'ar za ta ragu. Idan kika ga hannunsa ya faɗa, kuma akwai mai ɗinkin hula a dangi ko a maƙwabta wanda mahaifinsa ya sani ya yarda da shi, yana iya zama wurinsa sa'a ɗaya da hantsi. Sa'a ɗaya na ce, domin hutu ne, yaro ne kuma.

Mai son ɗinki yawanci yana son ƙira, saboda haka ki haɗa masa da motar kara. Sabon kara sai da kaka, amma ana samun na bara a tsohuwar danga ko wurin masu ƙosai da waina. Ana ɓare bayan karan, farin cikinsa mai laushi ya zama katako, siraran ɓawon kuma su zama ƙusa da ake soke guntayen da su, taya kuma a yanko ta daga tsohon silifas. Ɓawon kara yana yanka kamar reza, don haka babba ya ɓare masa a karon farko, tayar ma babba ya yanka. Motar langa-langa a bar ta sai ya haura shekara goma, domin yankan gwangwani yana da zurfi, kuma raunin da ƙasa ta shiga yana iya jawo cutar tetanus mai sandarar da jiki ta kulle muƙamuƙi, musamman ga yaron da bai cika allurar rigakafinsa ba.

Tambaya daga wata malamar firamare a Bauchi: Anti, 'yar yayata da nake riƙo bahaguwa ce. Na yi na yi ta riƙe allura da dama, abin ya faskara, kullum sai an ƙare da kuka.

Amsa: Malama, ki bar ta ta ɗinka da hagu. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, kuma haka aka halicce shi, ba taurin kai ba ne. Cin abinci da gaisuwa da miƙa abu ga babba ki ci gaba da koya mata da dama kamar yadda tarbiyyarmu ta tanada, amma allura tana son hannun da ya fi natsuwa. Kada ki zauna a gefenta wajen koyarwa, ki zauna kina fuskantarta, yadda damarki za ta yi daidai da hagunta kamar a madubi. Ke daga dama kike farawa ki nufi hagu, ita daga hagu za ta fara ta nufi dama, kuma daidai ne. Matsalar da za ki gani ita ce almakashi, domin wanda muke saye an ƙera shi ne don hannun dama, idan aka riƙe shi da hagu bakinsa yakan buɗe ya tauna ƙyalle maimakon ya yanka, ga shi yana rufe mata layin da take bi. Idan kin samu na bahagwai a shagon kayan makaranta ki saya mata, idan ba ki samu ba ki riƙa yanka mata ƙyallen, ita ta yi ɗinkin.